Kafin ka sayi Sharon ko Sienna, nemi tarihinta tukunna

Duk magidancin da ke garin nan na Kano in dai yara sun fara kai biyar shida to akwai ranar da ƙaramar mota za ta gaza masa, ranar Sallah ko ranar biki sai an yi sawu biyu, ko a tura wasu a adaidaita sahu su biyo baya, balle in tafiya ta kama zuwa ƙauye gaida iyaye. Daga nan ne hankali yake komawa kan motoci masu layi uku, Sharon da Galaxy da Alhambra da Sienna da Zafira da Picnic da makamantansu. Sabuwa dai kowa ya san ba ta sayuwa ga irinmu, sai 'yar Beljiyam ko wadda wani ya hau a nan gida. Abin da yake damuna wallahi shi ne yadda muke sayen motocin nan, mutum zai zagaya ta sau biyu, ya shafa fenti, ya kunna AC ya sa hannu ya ji sanyi, ya murɗa rediyo, ya leƙa kujeru ya ga ba yagewa, shikenan ya fara ciniki. Alhali wannan motar mata da yara za a zuba a ciki a hau titin Zariya ko na Wudil da su, kuma motar ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin a duniya kafin ta zo hannunka, akwai wuraren da aka rubuta abin da ya same ta shekara bayan shekara, amma mu ba ma ko tambaya.

Bari in fara da Ingila domin nasu ne ya fi sauƙin dubawa. A can akwai gwajin da ake kira MOT, tun 1960 aka fara shi, kuma a yanzu duk motar da ta cika shekara 3 dole a kai ta a duba, daga nan kuma kowace shekara. Wanda ya hau titi ba tare da shi ba tarar na iya kaiwa fam 1,000. Ana ɗora motar a kan na'ura a gwada ƙarfin birkin kowace ƙafa, a ɗaga ta sama a shiga ƙarƙashi da fitila, a duba sitiyari da shokobzoba da bol jon, a duba fitilu da hon da waifa da gilashin gaba da bel ɗin kujeru, a auna hayaƙin salansa, a auna zanen taya wanda doka ta ce kada ya gaza milimita 1.6. Tsatsa ma suna da ƙa'ida a kanta, in ta ci ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure wani abu mai ɗaukar nauyi kamar ƙafa ko bel ɗin kujera, motar ta faɗi. Tun watan Mayu na 2018 suka raba laifuffukan gida uku, mai haɗari da babba da ƙarami, na farko da na biyu faɗuwa ne kai tsaye. Sannan akwai wani ɓangare da mai gwajin yake rubuta shawara, wato abin bai kai a kayar da motar ba amma ya fara lalacewa, mai ita ya sa ido.

To abin daɗin shi ne duk wannan yana intanet kyauta a shafin gwamnatinsu, tun daga gwajin 2005 zuwa yau, ba ka buƙatar komai sai lambar da motar ta ɗauka a can. Ka sa lambar a wayarka kana zaune a Hotoro ko Kurna sai ga shi ya fito, ƙirar motar, kalarta, fetur take sha ko dizal, ranar da aka fara yi mata rajista, sai jerin gwaji ɗaya bayan ɗaya da adadin mil ɗin da ta ci a kowace shekara da abin da aka samu. Kamar katin asibitin mutum ne, in ka karanta daga farko za ka ga ciwon da yake ta dawowa. Za ka ce ai an cire lambar tun a tashar jirgin ruwa, eh ana cirewa, amma sau da yawa ana zana lambar a ƙasan gilasan gefe saboda ɓarayi, ko ka same ta a wata tsohuwar takarda a aljihun dashbod, ko a littafin sabis, ko a wata sitika a gilashin baya. Ita kanta lambar tana magana, tun Satumba 2001 lambobi biyun da ke tsakiya shekara suke nunawa, 05 na nufin an yi rajista daga Maris 2005, 55 kuma daga Satumba 2005.

Na ga amfanin wannan da idona lokacin da yayana ya tashi sayen mota. Iyalinsa sun yi yawa, ga Hajiya da yake kaiwa asibiti lokaci lokaci, ya ce in raka shi mu ga wata Galaxy da wani dillali ya kwaɗaita masa. Mota kam masha Allah, baƙa wuluk sai sheƙi take, an wanke injin tas har an shafa masa mai yana ƙyalli, an sa turare a ciki. Dillalin ya ce, "Alhaji wannan ba sai an gaya maka ba, wata tsohuwa ce ta hau ta a can, kasuwa kawai take zuwa da ita, duba mita ka gani." Mita na nuna mil 90,000 da 'yan kai. Ni kuma ina zagayawa sai na hango lamba an zana a gilashin baya na gefen hagu, ƙanana ƙanana sai ka sunkuya za ka iya karantawa. Na sa a waya. Abu na farko, motar da aka rubuta kalar azurfa ce, wannan kuma baƙa. Na biyu, dizal aka rubuta, wannan kuma injin fetur ne a ciki. Na uku, gwajinta na ƙarshe kafin ta bar can ta haura mil 160,000. Na miƙa wa Yaya wayar na ce, "Yaya duba nan, ka karanta daga ƙasa ka yo sama." Ya yi shiru yana ja da yatsa, shekara huɗu a jere ana rubuta cewa bututun birki na baya ya yi tsatsa, ana rubuta tsatsa a ƙasan ƙofofi, robobin ƙafar gaba sun tsage, kowace shekara magana ɗaya, mai ita bai taɓa gyarawa ba sai abin da ya zama dole don ta tsallake. Gwajin ƙarshe faɗuwa ta yi, kuma babu wani gwaji bayansa, wato da aka gaya masa kuɗin gyara sai ya ga gara ya rabu da ita, ita ce ta ƙetaro teku aka yi mata wanka. Yaya ya ce wa dillalin, "Malam mun gode, Allah ya kawo kasuwa," muka fito. Ban ma zargi dillalin da sani ba, wataƙila shi ma haka aka gaya masa, motar ta bi hannu nawa kafin ta iso.

Abin da nake so mutane su gane shi ne takarda ɗaya da ta ce mota ta ci gwaji ba ta da wani nauyi sosai, jerin ne yake da magana. Mota tana iya faɗuwa saboda ƙwan fitila ya mutu ko waifa ta tsage, a gyara a ranar ta wuce, wannan ba komai ba ne, ni in na ga irin wannan hankalina ma kwanciya yake. Wata kuma ba ta taɓa faɗuwa ba amma shawarwarin da ake rubuta mata suna ta ƙaruwa, bana layi uku baɗi layi bakwai, wannan ita ce abar tsoro. Ka duba kuma yadda mil yake hawa, in kowace shekara tana ƙara 8,000 ko 10,000 sai wata shekara ka ga ya koma baya, an taɓa mita. In tana cin 30,000 ko 40,000 a shekara to tasi aka yi da ita, kuma motocin nan masu kujera bakwai ana yawan yin tasi da su a can saboda jigilar filin jirgin sama da 'yan makaranta. In akwai shekara biyu da babu gwaji kwata kwata, to ajiye ta aka yi, kuma motar da aka ajiye a ƙasa mai danshi birkinta yana kamawa robobinta suna bushewa. Kada a manta kuma mil ba kilomita ba ne, mil 160,000 ya haura kilomita 250,000.

Akwai wata magana babba game da motar Ingila da ba na so in wuce ta. Su sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba. Saboda haka duk motar Ingilar da ka gani a filin dillalai da sitiyari a hagu juya shi aka yi, an yanka an huda an yi walda, an ja wayoyi, an matsar da feda da tukunyar birki. Wani aikin ana yin shi da kyau, wani kuwa Allah ya kiyaye, kuma duk gwajin da aka yi mata a can an yi shi ne kafin a taɓa waɗannan wuraren, to me takardar za ta gaya maka game da waldar da aka yi a kan sandar sitiyari? Babu. Ana gane ta in an lura, waifa tana share gefen fasinja fiye da na direba, abin buɗe bonet yana can ɗaya gefen, dashbod bai zauna daidai ba, in ka ɗaga kafet ka ga tabon walda, fitilar gaba kuma tana ɗaga haske gefen hagu daidai idon mai tahowa. Ni ra'ayina a nan ba na ɓoye shi, motar iyali wadda aka juya wa sitiyari ko da tarihinta fari ne tas ba zan sa yarana a ciki ba, araha ba ta ado.

Yawancin Sharon ɗin da muke gani a tashar Unguwa Uku da Naibawa daga cikin Turai suka fito masu sitiyarin hagu, Jamus da Beljiyam da Holan. Su ma suna da nasu. A Jamus gwajin da aka fi sani da TÜV ana yin na farko a shekara 3 sannan duk bayan shekara 2, kuma ana ba mai mota takardar sakamako, sau da yawa tana nan a cikin motar an naɗe ta da sauran tarkace ba wanda ya kula, ko ba ka jin Jamusanci ka ɗauki hoto waya ta fassara maka. A Beljiyam akwai wata takarda da ake kira Car-Pass da suka fito da ita a 2006 musamman don maganin masu juya mita, duk garejin da ya taɓa motar yana aika adadin kilomita, kuma mai sayarwa a can dole ya ba mai saye. In ka samu wannan a cikin mota ka samu abu mai daraja. Ko babu waɗannan, ka duba sitikar canjin mai a jikin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet, ka duba sitikar da aka rubuta ranar canza bel ɗin injin, wato taimin bel, masu juya mita sukan manta da su.

Su Sharon da Galaxy da Alhambra na farko kusan mota ɗaya ce, masana'anta ɗaya ce ta ƙera su a Palmela ta ƙasar Fotugal, Volkswagen da Ford suka haɗa hannu suka fito da su a 1995, Seat ta biyo a 1996, sai a 2006 Ford ta ware ta yi tata Galaxy daban, ita kuma Sharon ta farko ta ci gaba har 2010. Wannan ya sa kayansu suke shiga juna, kuma in ka shiga Kofar Ruwa ba abin da za ka nema ka rasa, makanikai kuma sun haddace ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ingancin mota a Kano rabinsa samun kaya ne da samun wanda ya san ta. Tana da lalurorinta da aka sani, ƙafar gaba tana cin robobi da bol jon saboda nauyi, wayoyin da suke ratsawa ta cikin robar ƙofa da ta but suna karyewa sai gilashi ya ƙi tashi ko makulli ya rikice, in magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba ta toshe ruwa yana shiga ƙarƙashin kafet ya jiƙa kayan wuta, bututun AC mai zuwa baya yana yoyo. A Sharon injin 2.0 da 1.8T da 1.9 TDI duk bel ne, VR6 mai 2.8 ne yake da sarƙa amma shi kuma shan mansa tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 sai mai ƙarfi. Da yawansu da dizal suka zo aka sauke aka ɗora na fetur, wannan ma ka tambaya, domin injin da ke ciki ba shi ne wanda takarda ta sani ba.

Sienna kuwa labarinta daban, 'yar Amurka ce, kuma Amurka ba su da gwaji guda na ƙasa baki ɗaya, kowace jiha da tsarinta, wasu ma ba sa yi. Abin da ake dubawa shi ne lambar shasi mai harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa, ka tabbata biyun sun zo ɗaya kuma sun dace da takardar kwastan. Na goma a jerin shekarar motar yake nunawa, 4 na nufin 2004, 9 na nufin 2009, A kuma 2010, da wannan kake gane wadda aka canza wa fitila da bamba aka ƙara mata shekaru. Da lambar ake sayen rahoton Carfax ko AutoCheck, kamfanonin da ke tattara tarihin motoci a can, kuma wani lokacin ko a Google kawai ka sa ta sai hotunan gwanjon Copart ko IAAI su fito, ka ga motar da ke gabanka tana sheƙi ga ta can gabanta a murƙushe jakar iska ta fashe. Ba duk mai haɗari ce abin gudu ba, in bamba ce da fitila aka canza ba matsala, amma a gaya maka gaskiya a rage kuɗi. Wadda nake gudu ita ce wadda ambaliya ta ci, domin ita ciwonta a cikin wayoyi yake, yau lafiya gobe ta ƙi tashi jibi giya ta rikice, ka duba ƙarƙashin kujeru in ƙarafan sun yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai tabon laka, ka shinshina kafet.

Sienna mota ce mai juriya, wannan ba gardama, amma ita ma tana da tarihi. Ta 2004 zuwa 2006 mai injin 3.3 bel take da shi wanda ake canzawa wajen mil 90,000, daga 2007 aka koma 3.5 mai sarƙa. A 2010 Toyota ta yi kiran a dawo mata domin gyara da kusan Sienna 600,000 na shekarun 1998 zuwa 2010 a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, saboda igiyar ƙarfen da ke riƙe safaya taya a ƙarƙashi tana tsatsa ta tsinke tayar ta faɗo a kan hanya. A 2016 kuma aka kira na 2011 zuwa 2016 saboda ƙofar gefe mai ja da wuta tana iya buɗewa ana cikin tafiya, ka tuna su waye suke zama kusa da wannan ƙofar, yara ne. Zafira ta biyu ma, wadda aka fara a 2005, an kira sama da 200,000 a Ingila a 2015 saboda wuta da take tashi daga wajen fankar hita a bayan dashbod. Irin wannan kiran gyara kyauta ne a can, amma ba kowa ne yake kai tasa ba, kuma da lambar shasi ana iya ganin ko an yi ko ba a yi ba.

To amma duk da wannan yabon da nake yi wa takarda, akwai inda ta tsaya. Gwajin MOT ba ya duba lafiyar injin, ba ya duba giya, ba ya duba kuloci, kuma mai gwajin ba ya kwance komai, abin da ido ya gani da abin da na'ura ta auna a wannan ranar kawai. Mota tana iya cin gwaji yau gasket ya ƙone gobe. Sannan tsakanin can da nan akwai zaman tashar jirgi, akwai teku, akwai hanya daga Legas ko Kwatano, akwai hannuwa da yawa, ana sauya batir, ana sauya taya, ana cire abin tace hayaƙin nan na cikin salansa da makanikai ke ce wa indomi saboda yana da tsada. Don haka bayan ka karanta sai ka kai ta ramin makanike a duba ƙarƙashinta. Makanikena a Kwakwaci in na kai masa mota ba ya ko kallon fenti, cewa yake, "Malam bar ta ta huce tukunna, mota da safe take faɗin gaskiya." Sai injin ya yi sanyi ya tayar ya tsaya a baya yana kallon hayaƙi, ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai wani fari fari kamar madara, ya leƙa ruwan lagireto ko mai ya hau kai, ya zaro sandar man giya ya shinshina ko yana ƙauri. Ya shiga ƙarƙashi da tocila da ɗan guduma yana ƙwanƙwasa ƙarfe, inda ya ji sauti ya mutu sai ya kankare da sukundireba, sau da yawa baƙin fenti ne aka fesa a kan tsatsa. Ya bi bututun birki da yatsa tun daga gaba har baya. Ya ɗaga ƙafa ya girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama. Sannan a jona na'urar sikanin, kuma kafin a tayar ya murɗa makulli ya ƙirga fitilun dashbod, ta injin da ta ABS da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu, in ɗaya ba ta kama ba sam to an cire ƙwan ne ko an liƙe ta.

Gishirin titin Turai da Amurka shi yake cin ƙarƙashin motocin nan, mu a nan busasshiyar ƙasa ce tsatsar ba ta gudu sosai, amma abin da ta riga ta ci ba ya dawowa, kuma mu namu gwajin daban ne. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ga cunkoson Kofar Nassarawa ko Kurna ga AC a kunne, ƙurar hunturu da ke toshe filta, ruwan Agusta da ke kwanciya a titi, ramuka, ga lodi. Motar da aka yi don mutum bakwai mu sai mu sa goma a ɗora buhun shinkafa da na masara a baya, kuma irin waɗannan motocin in an buɗe layi na uku wurin kaya kaɗan ne ya rage musamman Zafira, nauyin duk sai ya koma kan ƙafar baya da tayoyin baya. Sai kuma al'adar nan ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye a riƙa zuba ruwan rijiya a lagireto, wai don motar ta saba da zafin nan, wannan yana ɓoye ciwo ne kawai, in mota tana zafi a nemi dalili, lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ne ya gaji.

Mu ma fa muna da takardar ingancin mota a cikin fatikula, kowa yana sabunta ta duk shekara, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu wani muke ba kuɗi ya je ya karɓo mana motar tana fake a ƙofar gida. Laifin namu ne mu masu motocin. Sai ya zama tarihin da aka yi shekara goma sha biyar ana rubutawa ya yanke ranar da motar ta shigo gari, shi ya sa sayen wadda aka hau a nan ya fi wuya, ba abin da za ka karanta sai bakin mai ita. Ni dai akwai ɗan littafi mai bango ja a aljihun dashbod ɗina, duk abin da aka yi wa motar ina rubutawa, kwanan wata da kilomita da abin da aka canza da wanda ya yi aikin, canjin mai, birki, fulogi, bel, har faci. Ba wani wahala, kana jiran a gama aiki ka rubuta layi ɗaya. Kuma sau ɗaya a shekara kafin tafiyar babbar Sallah ina kai ta rami ko da ba abin da take yi, a duba ƙarƙashi da birki da ƙafa, makaniken ya gaya min abin da ya fara gajiya in rubuta, baɗi mu duba mu ga ya ƙaru ko yana nan.

Wanda ya samu motar da tarihinta ya yi kyau ramin ma ya yi kyau, kada ya zuba duk kuɗinsa a ciniki, ya rage wani abu domin satin farko. A canza bel da famfon ruwa in ba a ga shaidar ranar da aka canza ba, a juye baƙin mai da filta, a zuba ruwan lagireto na gaskiya, a canza man birki domin yana shan danshi in ya daɗe, a gwada kowane bel ɗin kujera har na layi na uku a tabbata yana kamawa in an fizge shi, a gwada makullin yara na ƙofofin baya. Sai taya, a jikin kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana faɗakarwa cewa taya in ta wuce shekara 4 da ƙerawa a rabu da ita ko da zanenta bai cinye ba. Wasu motocin nan da tayar sanyi suke zuwa, mai alamar dutse da ƙanƙara a gefe, robarta laushi gare ta ba a yi ta don kwaltar Kano da rana tsaka ba, ita ma a sauke ta, kuma a sunkuya a sauko da safayar da ke ƙarƙashi a duba ta tare da igiyar da ke riƙe da ita.